Zama a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta: ina haɗarin yake ga mutane, dabbobi da motoci?

Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Mando a Kaduna zuwa Kumbotso yana ratsa kudancin Jihar Kano, kuma a Kwanar Ɗangora ta ƙaramar hukumar Kiru akwai tashar rarraba wuta mai karɓar kilobolt 132. A ƙarƙashin irin waɗannan wayoyi ake noma, ake kora shanu, wasu ma har sun kafa rumfuna. Mutane kan ce wayoyin suna jawo cutar daji, suna ƙafar da nonon saniya, suna lalata na'urar mota. Binciken masana ya nuna cewa haɗarin da ya tabbata ya bambanta da wanda aka fi tsoro.

Mene ne ke fita daga wayar?

Duk wayar da wuta ke gudana a cikinta tana haifar da ƙarfi iri biyu a kewayenta: na lantarki da na maganaɗisu. A Najeriya ƙarfin yana juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. Bango da itatuwa suna tare na lantarki, na maganaɗisu kuwa yana ratsa su. Dukansu suna raguwa da sauri gwargwadon nisa daga wayar. Ba su da ƙarfin karya ƙwayoyin halitta kamar hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ƙarar da ake ji da damina kuma ta wutar da ke tsartuwa cikin iska mai laima ce.

Lafiyar mutane

Muhawarar ta faro ne a 1979, lokacin da Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka wallafa bincike a kan yaran birnin Denver na Amurka da ke zaune kusa da wayoyi. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ga cewa sankarar jini ta kusa ninkawa a tsakanin yaran da ke rayuwa kullum cikin maganaɗisun da ya haura maikirotesla 0.3 zuwa 0.4. Saboda haka a 2002 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya shi a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo cutar. Amma gwaji a kan dabbobi bai tabbatar da hakan ba, kuma a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar ba ta kai a ce shi ne sanadi ba. Ta ba da shawarar rage kusanci ta hanyoyi masu sauƙin kuɗi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ya kamata ya nemi shawarar likitansa.

Abin da ke kisa nan take shi ne jan wuta. A babban layi ba sai an taɓa waya ba, domin wutar tana tsallake iska ta kama duk abin da ya matso: rodi, gora, kwanon rufi, ko mutumin da ke saman motar kaya. Hayaƙin ƙona gona a ƙarƙashin layi ma yana buɗe mata hanya zuwa ƙasa.

Dabbobi

A Kanada an gwada shanun madara da ƙarfi kwatankwacin wanda ake samu a ƙarƙashin layin kilobolt 735, fiye da ninki biyu na namu, kuma sauye-sauyen da aka gani ƙanana ne. Haɗarin garke yana ƙasa. Idan waya ta tsinke ko taransifoma ta yi yoyon wuta, wutar kan bazu cikin ƙasa, musamman jiƙaƙƙiya. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ta sa wutar da ke bi ta jikin saniya ta fi wadda ke bi ta jikin makiyayin da ke tsaye kusa da ita. Shingen waya da kwamin ƙarfe da ke ƙarƙashin layi su ma suna tara wuta idan ba a haɗa su da ƙasa ba, har dabba ta ƙi shan ruwa. Makiyayan da ke hawa itace su saro ganye da rani, a hanyoyinsu na Tudun Wada da Doguwa zuwa dajin Falgore, su dubi sama kafin su ɗaga adda.

Motoci

Jikin mota na ƙarfe yana kare abin da ke ciki daga ƙarfin lantarki, kuma masu ƙera motoci suna gwada na'urorinsu a kan irin wannan katsalandan kafin a sayar. Abin da direba ya fi lura da shi shi ne shashshakar rediyo a matsakaicin zango. Sai dai tirela ko tankar da aka ajiye a ƙarƙashin layi tana tara wuta saboda tayoyin roba, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna man da ake juyewa. Idan waya ta faɗo kan mota, a zauna a ciki. In wuta ta tashi, a diro da ƙafafu a haɗe, ba tare da taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba.

Abin da doka ta tanada

Ƙa'idojin da hukumar NERC ta fitar a 2015 sun keɓe filin da ba a gini a cikinsa: mita 25 a kowane gefe na layin kilobolt 330, mita 15 ga na 132, da mita 5.5 ga na 33 da 11. Manyan layuka suna hannun TCN, ƙanana suna hannun KEDCO, hukumar NEMSA kuma ita ke duba ingancinsu. Ginin da ya shiga wannan fili bai tsiro da kansa ba: akwai wanda ya yanka fulotin, akwai wanda ya sa hannu. Mazauna Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa na da haƙƙin tambayar shugabannin ƙananan hukumominsu wane ne ya ba da izinin, kuma su kai rahoton wayar da ta sauko ko turken da ya karkace ga KEDCO ko TCN a rubuce, su riƙe kwafi.