Anza a ƙasar Dakoro

A watan Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare a kwarin Tarka, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye, anza tana nan kore shar. Masana tsirrai na kiran ta Boscia senegalensis. Ba ta cika wuce tsayin mutum biyu ba. Ganyenta mai kauri ne, ba ya saurin sakin ruwa, saiwarta kuma tana nutsawa can inda laima take, shi ya sa ɗan ruwan Dakoro, da ba kasafai yake wuce milimita 400 a shekara ba, ya ishe ta.

Tana fure bayan damina ta ɗauke, lokacin da ƙudan zuma ke rasa abin tsotsa. Ƴaƴanta suna nuna ne gab da faɗuwar ruwa, su koma rawaya. Tsuntsaye na shan zaƙin da ke jikinsu, su yar da ƙwayar a wani wuri. Ƙadangare da ƙananan tsuntsaye na fakewa a duhun rassanta, iska kuma tana tara ƙasa da ganye a gindinta. A arewacin Dakoro ne aka keɓe dajin Gadabeji tun 1955, aka mayar da raƙuman dawa can a 2018, amma ƙananan halittu sun fi dogara ga abin da manomi ya bari a gonarsa.

Ƙwayar, wato dilo, ɗaci gare ta ƙwarai. Mata na jiƙa ta kwanaki, suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ita ta riƙe gidaje da yawa a yunwar 2005, abin da ya ƙara manna mata sunan abincin yunwa. A ganina wannan suna ya cuce ta, domin wanda ke jin kunyar cin abu ba ya hana a sare shi. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa ta ya kai kasuwa.

Dasa ta na da wuya: irin ba ya ajiyuwa, tsiron ba ya saurin girma. Hanyar da ta fi ita ce sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980. In kututture ya yi toho a gona ko garka, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.