SSH: Manhajar kyauta ta shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri

Mutanenmu da yawa na zaune a Agege, Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan, amma harkarsu na Abuja. Wani yana da shago a Wuse, wani ofishinsu ne ke Garki, wani kuma shafin intanet na ƙungiyarsu ne ke zaune a kan wata kwamfuta can. Idan abu ya lalace, ba dole sai an hau mota an kwana a hanya ba. Akwai hanyar da ake shiga kwamfutar daga inda ake, sunanta SSH.

Mene ne SSH?

Tsari ne da ke haɗa kwamfutarka da wata ta nesa, galibi sabar, wadda wasu ke kira uwar garke. Kana rubuta umarni a Legas, ita tana aiwatarwa a Abuja. Duk abin da ke wucewa tsakaninku a rikiɗe yake, ko wani ya tare shi a hanya ba zai gane komai ba. Kafin zuwansa ana amfani da Telnet, wanda ke tura kalmar sirri tsirara yadda aka rubuta ta.

Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu da ke kusa da Helsinki. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ita ce aka fi amfani da ita a duniya yau. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa.

Wace za ka sauke?

Linux da Mac suna zuwa da OpenSSH. Windows 10 ma tun 2018 tana da ita. Akwai PuTTY, wadda Simon Tatham ɗan Ingila ya rubuta, ga ConnectBot da Termux a wayar Android. Duk kyauta ne. Idan wani ya ce ka biya kuɗin manhajar kanta, cutarka yake so ya yi. Ladan aikin saitawa dabam ne. Kuma ka sauke daga shafinsu na asali, domin an taɓa yaɗa jabun PuTTY mai satar bayanai.

Kwaɗo da makulli

Nan ne gaskiyar tsaron take. Ana iya shiga da kalmar sirri, amma ɓarayin intanet na da na'urorin da ke gwada kalmomi dare da rana a ƙofa ta 22, wato ƙofar da SSH ke amfani da ita. Mai lambar waya ko ranar haihuwa a matsayin kalmar sirri, ya bar garke ba makiyayi ke nan.

Abin da ya fi shi ne ka rubuta ssh-keygen. Zai haifar maka da fayil biyu. Ɗaya kamar kwaɗo ne, shi za ka ɗora a kwamfutar Abuja, ba laifi ko an gan shi. Ɗayan makulli ne, a na'urarka kaɗai zai zauna. Kada ka tura shi ta WhatsApp, ko da yaron da ya saita maka ne ya nema. Shi ma ya yi nasa, ka ɗora masa kwaɗonsa, ranar da kuka rabu ka cire. Ka sa wa makullin kalmar sirri saboda satar waya, sannan ka rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya.

A shigarka ta farko kwamfutar za ta nuna maka wata doguwar shaida tata. Ka tabbatar da ita wurin mai kula da ita. In wata rana aka yi maka gargaɗin shaidar ta sauya, dakata ka tambaya tukuna.

Sabuntawa da doka

A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz don kutsawa ta SSH a wasu nau'o'in Linux. An toshe ta kafin ta bazu. Saboda haka a riƙa sabunta manhaja. Hukumar NITDA da cibiyar ngCERT ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, duk a Abuja, sukan fitar da gargaɗi kan irin waɗannan ɓaraka.

Abu na ƙarshe: dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana kutsa kwamfutar wani ba izini. Matashin da ke koyon aikin nan ya gwada a tasa, ko a wadda mai ita ya ba shi izini a rubuce.