Sauyin Cimaka a Gidajen Kalmalo

Kalmalo gari ne a ƙaramar hukumar Illela, dab da iyakar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Tun kaka da kakanni gero ne ginshiƙin cimakar mutanenta: fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare. A gidan gandu, matar da ke da girki ita ke surfe da daka, aikin da kan cinye mata yini guda.

Farin 1973 da na 1984 sun girgiza wannan tsari. Da rumbuna suka ƙare, garin rogo, wanda dattawa ke ɗauka abincin baƙi, ya samu gindin zama. Injin niƙa ya rage wahalar turmi, sannan shinkafa da taliya da dunƙulen Maggi suka shigo ta kasuwar Illela. Matan gida sun karɓe su ne musamman saboda saurin dahuwa, ko da yake daddawa ce ta yi asara.

Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, shinkafar waje ta yi tsada, gidaje da dama suka koma ga dambu da kwaɗon zogale, har bayan buɗe ta a Disamban 2020.