Abin da ke sa rubutu ya yage a fuskar kwamfuta idan ana gangarawa ƙasa

Masu aiki da Word, Excel ko Chrome sun san matsalar: da zarar an fara gangarawa cikin shafi, sai rubutu ya rabu biyu, sama ya tsaya, ƙasa ya zame, ko fuskar ta riƙa ƙyaftawa. Da yawa kan garzaya wurin mai gyara a sauya musu fuska, alhali lafiyarta ƙalau.

Fuskar kwamfuta ba ta nuna hoto a dunƙule. Layi-layi take zana shi daga sama zuwa ƙasa, galibi sau 60 a daƙiƙa. Wannan adadi gado ne daga talabijin ɗin Amurka, wanda aka daidaita da bugun lantarkin ƙasar, kuma hukumar sadarwa ta FCC da ke Washington ta amince da tsarinsa a 1941. Najeriya da Nijar, masu lantarki mai bugu 50, sun bi tsarin Turai a talabijin, amma kwamfutocinsu da lissafin Amurka suke zuwa. Idan katin hoto ya miƙo sabon hoto alhali fuska na tsakiyar zana tsohon, sai rabin wannan ya haɗu da rabin wancan. Yagewar ke nan. Don magance ta Nvidia ya fito da G-Sync a 2013, AMD ya biyo da FreeSync a 2015.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da Microsoft kansa ke ba da shawara a kai: a buɗe Task Manager. In shi ma yana ƙyaftawa, direban katin hoto ne, sai a sabunta shi ko a koma tsohon. In ya tsaya cak, laifin manhajar ne, kuma sau da yawa kashe saitin da ke ba ta damar jingina da katin hoto ya wadatar. A Chrome yana ƙarƙashin System. Danna Windows, Ctrl, Shift da B tare kuma na farfaɗo da direban nan take.

Kwamfutar cinya tana da nata ciwon. Idan layukan na sauyawa yayin da ake motsa murfi, siririyar wayar da ta ratsa maɗaurin murfin ce ta gaji. A haɗa kwamfutar da talabijin ta HDMI: in hoton ya fito sumul a can, katin hoto ba shi da laifi. Ƙurar hunturu kuwa, wadda masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano suka saba da ita, takan toshe fanka har katin ya yi zafi ya fara watsa ɗigo-ɗigo.