Ƙafa Biyu a Tsawon Dutsen Everest, da Sha'anin Alƙaluman Awo

A cikin watan Maris na shekarar 1856, Andrew Waugh, shugaban Ma'aikatar Safiyo ta ƙasar Hindu, ya ba da sanarwa cewa wani dutse a jerin duwatsun Himalaya, wanda 'yan safiyo ke kira Ƙololuwa ta 15, tsawonsa ƙafa 29,002 ne bisa ruwan teku. Shi ne dutsen da aka tabbatar wa sunan Everest a 1865. Nufin wannan takarda shi ne a binciki wannan 2 da ke ƙarshen adadin, a ga inda ta fito, a kuma ga ko ta cancanci a rubuta ta. Tambayar ta shafi duk malamin da ke koyar da awo da lissafi.

Asalin al'amarin shi ne babban aikin safiyo da William Lambton ya fara kusa da Madaras a 1802. Da fari ya auna wani miƙaƙƙen layi na kimanin mil bakwai da rabi da sarƙar ƙarfe. Daga bakunan layin nan biyu aka auna kusurwa zuwa wani wuri na uku da madubin safiyo, aka fitar da nisansa da lissafi, sa'an nan aka yi ta ɗora wannan a kan wancan har aikin ya doshi arewa. George Everest ya gaji Lambton a 1823, Waugh kuma ya gaji Everest a 1843.

Da aka kai gindin Himalaya, sai aka tarar sarakunan Nefal ba su yarda Turawa su shiga ƙasarsu ba. Tilas aka tsaya a filayen Hindu ana hangen duwatsun daga nesa. Wajen ƙarshen 1849 James Nicolson ya auna wannan ƙololuwa daga nisan da ya wuce mil ɗari. A 1852 kuwa Radhanath Sikdar, wani gwanin lissafi mutumin Bengal, ya gane daga waɗannan awo cewa babu dutsen da aka sani da ya kai ta. Amma fa akwai wata wahala. Haske ba ya tafiya sak cikin iska. Yakan lanƙwasa gwargwadon zafi da sanyi, har dutse ya bayyana sama da inda ya ke. Dole mai lissafi ya rage wani abu saboda haka, abin ragewar kuwa kintace ne.

Akwai wani labari da ya bazu, wai lissafi ya faɗi daidai ƙafa 29,000, sai Waugh ya ƙara biyu don kada mutane su ce ƙiyasi kurum aka yi. Abin da ke rubuce kuwa shi ne an auna dutsen daga wurare shida, kowane wuri ya ba da nasa adadi. Mafi ƙanƙanta ƙafa 28,990, mafi girma 29,026, tsaka-tsakinsu duka shi ne 29,002. Watau 2 ɗin daga rabawa ta fito. Duk da haka ba ta tsira ba. In shaidu shida sun saɓa da juna da ƙafa 36, ba mai ikon rantsewa a kan ƙafa biyu. Ko alƙalamin gommai ma, watau sifirin da ke kusa da 2, yana cikin shakka.

Ƙa'idar da masana kimiyya su ke bi ke nan: cikin adadin da aka samu ta awo, ana rubuta alƙaluman da aka tabbatar, a ƙara guda ɗaya tak wanda aka kintata. Su ake kira alƙaluma masu ma'ana. Wanda ya rubuta 29,002 ya yi da'awar alƙaluma biyar, alhali huɗu kaɗai aikin ya iya ɗauka. Shi ma labarin ƙarin ƙafa biyu ya taɓo wata matsala ta gaske. Wanda ya ga 29,000 ba shi da hanyar sanin ko sifirai ukun nan an auna su ne, ko kuwa cike gurbi su ke yi. Maganin wannan shi ne a rubuta 2.900 × 10⁴, sai kowa ya san alƙaluma huɗu ne aka tsaya musu, ko kuwa a faɗi adadin tare da iyakar kuskurensa.

Awon da ya biyo baya ya nuna amfanin wannan taka-tsantsan. Ma'aikatar Safiyo ta Hindu ta sake aiki daga kusa, a 1955 aka karɓi mita 8,848, watau ƙafa 29,028. A 1999 wata ƙungiya ta Amurka ta yi amfani da tauraron ɗan Adam, ta sami mita 8,850. A 2005 mutanen Sin suka ce mita 8,844.43, da kuskuren da zai kai santimita 21 sama ko ƙasa, amma su ƙololuwar dutsen kansa suka auna, ban da ƙanƙarar da ke bisa. Ran 8 ga Disamba 2020 Nefal da Sin suka haɗu a kan mita 8,848.86, har da ƙanƙara. Ashe kafin a yi gardama a kan alƙalamin ƙarshe, sai an fara daidaitawa a kan abin da a ke aunawa. Tazarar da ke tsakanin adadin 1856 da na 2020 kuwa kimanin ƙafa 30 ce, abin yabo ga mutanen da suka yi hange daga mil ɗari.

Ga wani gwaji da malami zai iya yi a aji. A ce wa almajirai su mai da ƙafa 29,002 mita, ƙafa ɗaya kuwa mita 0.3048 ce. Yawancinsu za su kawo 8,839.8096, su zaci sun fi kowa ƙwazo. To, sai a tambaye su: Nicolson, daga mil ɗari, ya ga abin da bai kai milimita ba? Ninkawa da rabawa suna haifar da alƙaluma, amma ba su ƙara wa ma'auni kaifi. Amsar da ta dace ita ce mita 8,840. Almajirin da ya san dalilin da ya sa ya yar da sauran alƙaluman, shi ne za a iya ba shi ma'auni a dogara da abin da ya rubuta.