Andrew Foster da Asalin Maganar Hannu ta Makarantun Kurame

Garin Gaya na jihar Doso a Nijar yana tsakanin ƙasashe biyu: gada ce kawai ta raba shi da Malanbil ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana kusa ta gefen Najeriya. A makarantun Benin da Faransanci ake karatu, a na Najeriya da Ingilishi, amma alamomin hannun da ake koya wa kurame a ɓangarorin biyu tushensu ɗaya. Daga Amurka suka zo, ta hannun wani malami kurma, Andrew Foster.

An haifi Foster a 1925 a jihar Alabama. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi ba ya ji. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Dendi, inda Gaya take, da sauran yankin Sahel, inda yakan ɓarke da rani ya bar yara da kurunta. A zamanin ƙuruciyar Foster ana raba makarantun baƙaƙe da na farare a kudancin Amurka, har na kurame. Ya koma Detroit yana aiki yana karatu, sannan ya shiga kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, inda a 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri. Ya so ya je Afirka ya koyar da kurame, amma ƙungiyoyin mishan sun ƙi tura shi, sai ya kafa tasa a 1956.

A 1957 ya buɗe makaranta a Accra ta Gana, a 1960 kuma ya buɗe ta Ibadan, daga baya Kaduna da Enugu suka biyo. Abin da ya zo da shi ya saɓa wa yayin lokacin. Tun taron da malaman kurame suka yi a birnin Milan a 1880, akasarin makarantun Turai sun hana magana da hannu, ana tilasta wa yaro karanta leɓe da furta sautin da bai taɓa ji ba. Foster ya haɗa alamun hannu da rubutu da harrufan yatsu, ya kuma ɗauki kurame su zama malamai. A nan ƙarfin aikinsa yake. Yakan horar da ɗalibi, ya mayar da shi ƙasarsu ya riƙe makaranta, wasu kuma ya tura su Gallaudet.

Daga 1974 ya juya ga ƙasashen rainon Faransa, ya fara da Abijan, sannan Togo da Cadi da Benin. Ibadan ce ta zama wurin horar da malaman waɗannan ƙasashe. Can aka lanƙwasa alamun Amurka suka dace da kalmomin Faransanci, har aka sami nau'in da kuramen ƙasashen ke amfani da shi yau. Makarantun da ya kafa sun haura 30 a ƙasashe 13. Ya rasu a watan Disamba na 1987 a hatsarin jirgin sama a Ruwanda.

Sai dai Foster bai tarar da kuramen ƙasar Hausa shiru ba. Suna da maganar hannu tasu, wadda ake kira maganar bebaye, ta gado ce, ana koyon ta a gida da kasuwa da majalisar kurame, masu ji da yawa ma suna iya ciniki da ita. Da aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano a 1977, alamun Amurka suka shiga bakin aiki a aji, matasa suka riƙa ara daga gare su, wasu har suna ganin na gida na marasa boko ne. Wannan hasara ce da masu yabon Foster ba su cika ambata ba. Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi bincike a cikin kuramen Kano, ta fitar da littafi a shekarar 2000 wanda ya bayyana tsarin maganar hannu ta Hausa a matsayin harshe mai ƙa'idojin kansa.