3.2 Ƙaruwar Jama'a da Bunƙasar Tattalin Arzikin Kano

A wannan sashe za a duba yadda yawan jama'a ya shafi arzikin ƙasar Kano. Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci birnin a shekarar 1851, ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000, kuma adadin yakan ninka da rani idan fatake suka sauka. Ke nan tun kafin mulkin Turawa, da baƙi kasuwar Kurmi take ci.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Turawa sun sa ran auduga, amma manoma suka karkata ga gyaɗa saboda ta fi kawo kuɗi. Sau da yawa jirgin ake yabawa da wannan bunƙasa. Sai dai da bai tarar da ɗimbin manoma a kewayen birnin ba, da ba abin da zai ɗauka. Su ne suke jigilar taki daga birni a kan jakuna, suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba.

To amma wannan yawan ne kuma ya zo ya matse su. Rabon gado ya yi ta tsattsaga gonaki, gandu ya fara watsewa. Binciken Polly Hill a Ɗorayi, wanda aka buga a 1977, ya nuna magidanta da yawa gonarsu ba ta ciyar da iyalinsu.